Ruwan ya fito fari fat, duwatsun kuma dishi-dishi: ina na kuskure?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka.

Wata takwas ke nan da na fara ɗaukar hoton daji da ruwa. Abin da ya ja ni tun farko shi ne hotunan nan da za ka ga ruwa na zubowa daga kan dutse sumul kamar zaren alharini, duwatsun kuwa tangaran, har gansakukar da ke jikinsu kana gani. Na karanta cewa ana samun haka ne idan aka bar labulen kyamara a buɗe na tsawon lokaci, don haka na sayi baƙar filta ND1000, mai rage haske mataki 10 (kowane mataki na rage rabin haske), da ƙafa-uku ta ɗora kyamara mara nauyi wadda zan iya saɓawa in yi tafiya da ita.

Asabar ɗin da ta wuce na je wata magangarar ruwa da tsayinta bai fi mita 5 ko 6 ba. Na isa wajen ƙarfe 12 da rabi, rana ta take, babu ko ɗigon gajimare. Kyamarata DSLR ce, irin mai madubi a ciki da ake canza wa lensi, mai ƙaramar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske), da lensin 18-55mm da ta zo da shi. Na sa ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a 100, na tsuke tagar lensi zuwa f/22, na ba shi sakan 30. Don in samu kusurwa mai kyau na kafa ƙafa biyu na ƙafa-ukun a cikin ruwa, na kuma zaro sandarta ta tsakiya har ƙarshe. Na ɗauki hoto ya kai 40.

Da na dawo na buɗe a kwamfuta sai gabana ya faɗi. Ruwan ya zama farin abu guda, kamar an watsa fenti, babu zare ko ɗaya a ciki, kuma duk yadda na ja hasken ƙasa toka-toka kawai yake komawa. Duwatsun da ya kamata su fito sarai sun yi laushi. A kusan rabin hotunan akwai wani shafi mai ruwan shunayya da ya ratsa tsakiya, sannan ga wasu ɗigo-ɗigo masu zagaye ta gefen dama.

Filtar ce ba ta da kyau, ko kyamarar ce ta gaza? Wani ya ce min in nemi mai mataki 15. Ba na son in sake kashe kuɗi ban fahimci abin da ya faru ba. Na gode.

Dattijon_Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sayi komai tukuna. Kayan da ke hannunka sun isa, kuma yadda ka zayyana saitinka dalla-dalla ya sa ina iya ganin ranar kamar ina tsaye kusa da kai.

Bari mu fara da ruwan, don shi ne zuciyar maganar. Ka tsaya ka yi tunanin gudunsa. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 5 sakan ɗaya kacal yake yi kafin ya kai ƙasa, kuma lokacin da zai isa yana gudun kusan mita 10 a sakan. Ke nan a cikin rubu'in sakan, ɗigon da ke kusa da ƙasa ya riga ya ja layi na fiye da mita 2 a hotonka. Zaren da kake nema ke nan, ya samu tun a 1/4 na sakan. Kai kuma ka bar labule a buɗe sakan 30, ruwa ya sauko ya sake saukowa sau talatin a kan wuri guda, kowane zubi yana cike giɓin da na baya ya bari. Duhun da ke tsakanin zare da zare shi ke sa ido ya gane cewa ruwa ne mai motsi. Da ka cike duhun sai siffar ta tafi.

Ni a irin wannan magangara daga 1/4 nake farawa, in gwada 1/2, in gwada sakan 1, in duba bayan kyamara in ga wanne ya bar wa ruwan jijiyoyinsa. Idan ruwan mai yawa ne, mai ruri, kamar bayan an kwana ana ruwan sama, nakan koma 1/8 ko 1/15, saboda ƙarfinsa nake so a ji. Idan siriri ne yana bin jikin dutse a hankali, sakan 2 ma ba laifi. Ruwan ne ke faɗa maka lokacin, kuma magangara ɗaya takan canza daga wata zuwa wata.

Sai batun ƙonewar farin. Akwai tsohon lissafi da muka koya tun zamanin fim: a rana tsaka, da ISO 100 da f/16, hasken daidai yana wajen 1/100. Ka koma f/22, ya zama 1/50. Filtarka tana ninka lokaci sau 1,024, ka ga kusan sakan 20 ke nan, kuma wannan na abu mai matsakaicin haske ne kamar dutse ko ciyawa. Farin kumfa da rana ke duka ya fi haka haske nesa ba kusa ba. Da sakan 30 ɗinka sensa ta cika ta batse a wurin ruwan, babu wani bayani da ya rage a ajiye, shi ya sa kwamfuta ta ba ka toka. Ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allon kyamara, ka kuma saba duba histogaram, zanen nan mai kama da tudu da ke nuna yadda haske ya rarrabu a hoto. In tudun ya jingina da bangon dama, ka rage. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna haskenka a kan ruwan. Inuwa ana iya ɗago ta daga baya, farin da ya ƙone kuwa ya tafi.

Amma gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, babban abin da ya ɓata maka aiki agogo ne. Tsakar rana ita ce mafi munin lokaci ga wannan hoto. Ruwa yana walƙiya, ƙarƙashin duwatsu baƙi ƙirin, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin sensa. Ka je ranar da hadari ya rufe sama, ko da sassafe kafin rana ta leƙo cikin kwarin, ko bayan ta faɗa bayan tudu. Na fi son ranar da ake yayyafi kaɗan-kaɗan, domin duwatsu sun jiƙe gaba ɗaya, launinsu ya fito, babu busasshen wuri mai fari-fari da zai ja ido. A irin wannan haske, f/11 da ISO 100 kan ba ka wajen 1/25 ba tare da filta ba, a cikin kurmi ma ƙasa da haka.

In za ka sayi abu ɗaya nan gaba, to filtar kashe ƙyalli ce, wadda ake rubuta CPL a bakinta. Kana juya ta a hankali za ka ga ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙen dutse da ganye ya ɗauke, koren ya yi kore, duwatsun ƙarƙashin ruwa su bayyana. Wannan aikin babu manhajar da za ta yi maka shi daga baya. Tana fin tasiri a kan ruwa idan kana kallonsa a karkace, wajen digiri 37 daga shimfiɗarsa, ba daga sama kai tsaye ba. Ga ƙarin riba: tana cin haske mataki 1 zuwa 2, don haka a inuwa ita kaɗai takan kai ka 1/8 ko 1/4. In ka haɗa ta da ND8, mai mataki 3, ka kai sakan 1. Sai dai kada ka juya ta har ƙarshe kullum. Wani lokaci ɗan ƙyallin da ya rage shi ke nuna cewa dutsen a jiƙe yake, in ka kashe shi duka wurin sai ya yi kamar ba rai.

Laushin duwatsu kuma abu uku nake zargi, kuma ina jin duka ukun sun taru. Ƙafa-uku mara nauyi a cikin ruwa mai gudu tana rawa ko da idonka bai gani ba. Ɗora yatsa a kanta za ka ji tana kaɗawa. Zaro sandar tsakiya ya ƙara tsananta abin. Na biyu f/22: idan taga ta tsuke haka haske yakan bazu yayin wucewa ta ɗan ramin, hoton duka ya yi laushi, kuma a ƙaramar sensa irin taka ana fara lura da hakan da zarar an wuce f/11. Na uku, in filtar na kan lensi lokacin da kyamara ke neman fokas, to a cikin duhu take lalube. Ka saita fokas tukuna, ka mai da shi na hannu, sannan ka ɗaura filtar a hankali kada zoben ya motsa. Ka kashe na'urar hana girgiza ta lensi in kana kan ƙafa-uku, ka sa jinkirin sakan 2 ko rimot don kada yatsanka ya taɓa kyamarar.

Shafin shunayya ba daga gaba ya shigo ba, ta baya ne. Rana na bayanka, haske ya bi ta ramin leƙawa, inda kake sa ido, ya sulale cikin kyamara. A 1/200 ba a ganinsa, amma a sakan 30 da baƙar filta a gaba yana da lokacin taruwa. Duba kwalin kyamararka: Nikon kan saka ɗan murfi mai suna DK-5, Canon kuma nasu na roba ne a maƙale jikin igiyar rataya. In babu, baƙin tef ko hularka ta isa. Ɗigo-ɗigon kuwa feshin ruwa ne a kan filtar, f/22 ta ƙara fito da su. Goge, rufe da tafin hannu ko murfi, buɗe, ɗauka, sake dubawa. Haka nake yi kafin kowane hoto in ina kusa da feshi.

Yar_Bakin_Kogi ta amsa:

Baba ya gama magana a kan magangara, ban da abin ƙarawa. Sai dai ina so in kare filtar nan taka, ƙanena, kada ka jefa ta ƙasan jaka ka manta da ita. Ba wurinta ka kai ta ba.

Ni koguna masu tafiya a hankali na fi ɗauka, kuma a can mataki 10 ne abokin aikina. Kogin da ke tafiya kamar tafiyar mutum, in ka ba shi 1/4 ba abin da za ka samu sai ruwa mai ɗan hazo, bai tsaya ba bai kuma gudu ba, wanda a ganina shi ne mafi rashin kyau. Amma ka nemi wurin da ruwa ke juyawa a bayan babban dutse, inda kumfa da busassun ganye ke kewayawa. Tsaya ka ƙirga sakan nawa ganye ɗaya ke yi kafin ya zagayo. In sakan 20 ne, ba shi 20 ko 30. Abin da zai fito zobba ne a cikin zobba, abin da ido bai taɓa gani a wurin ba ko da ka wuni a tsaye. Ranar da na fara samun wannan na daɗe zaune a kan dutse ina kallon bayan kyamara.

Lissafin ba wuya. Auna haske ba filta, sannan ka ninka. Da mataki 10, 1/125 na komawa sakan 8, 1/60 na komawa wajen 16, 1/30 kuma ya ɗan haura 30. Da ND64, mai mataki 6, 1/60 na zama sakan 1, shi ya sa nake ganin ita ce ta fi dacewa da wanda ke ɗaukar magangara da kogi duka. In lissafi ya wuce sakan 30 sai ka koma saitin B, mai barin labule a buɗe muddin kana danne, ka riƙe da rimot. Ka sani kuma in ka kunna rage ɗige-ɗigen dogon ɗauka, kyamara za ta sake ɗaukar baƙin hoto mai tsawon na farko, minti 2 ya zama 4, haske kuma ba ya jira.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne batun rana. Gaskiya ne tsakar rana ba ta da kyau, amma ba kullum hadari nake nema ba. Idan rana ta yi ƙasa tana dukan bishiyoyin tsallake, kogin kuma yana cikin inuwa, ruwan kan ɗauki launin zinariya da kore daga can, dogon ɗauka kuma ya shimfiɗa launin kamar an shafa. A nan cire CPL nake yi gaba ɗaya, don wannan ƙyallin shi na zo nema.

Wani abu da ke burge ni: masu hoton farko ba zaɓar wannan salo suka yi ba, dole ce ta sa su. Hoton da Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Paris a 1838 ya ɗauki mintuna, har keken doki da masu tafiya suka ɓace, aka bar mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi. Hugh Lee Pattinson ya ɗauki magangarar Niagara a 1840, Carleton Watkins kuma ya shiga kwarin Yosemite mai magangarai a Amurka a 1861 da ƙatuwar kyamara mai farantin gilashi inci 18 da 22. A hotunan wancan zamani ruwa mai zuba fari yake fitowa sumul domin kayan aikinsu ba sa iya tsayar da shi. Mu da muke da 1/4000 a hannu, sai mun sa baƙin gilashi kafin mu koma inda suke.

Ka kula da iska. Sakan 20 na nufin duk reshen da ya motsa zai zama hazo. Nakan ɗauki na biyu da sauri, 1/125 da ISO mai ɗan yawa, ba tare da na motsa kyamara ba, in haɗa ganyen wannan da ruwan wancan a kwamfuta.

MaiWayaKawai ya amsa:

Ni ba ni da babbar kyamara, amma ga abin da nake yi ko zai yi wa wani amfani. A iPhone, tun iOS 11 na 2017, in ka ɗauki Live Photo kana iya zaɓar Long Exposure, wayar ta haɗa ɗan motsin sakan 3 da ta naɗa ya zama hoto ɗaya. Pixel 6 ma ya zo da irinsa a 2021. Sai ka jingina wayar da dutse ko kututture, in ba haka ba gefen hoton ya yi laushi.

Dabarar tana aiki a kyamararka ma, Malam Sabon_Hannu, ranar da ka manta filta a gida. Ɗauki hoto 15 ko 20 a jere a kan ƙafa-uku, a 1/30 misali, ka zuba su a Photoshop a matsayin Smart Object, ka zaɓi Mean a Stack Mode. Ruwan zai yi sumul, ɗige-ɗigen sensa ma su ragu. In feshi ya ɓata guda biyu ka cire su kawai. Olympus sun fara saka irin wannan haɗin a cikin kyamararsu E-M1X ta 2019, suka kira shi Live ND.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Baba, Yaya, Malam, Allah ya saka da alheri. Na koma jiya.

Na isa ƙarfe 6 da kwata, rana ba ta shigo kwarin ba. Ban ma ciro ND1000 ba da farko. ISO 100, f/11, kyamara ta nuna 1/5 babu filta ko ɗaya, abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na kafa ƙafa-ukun a kan falalen dutse busasshe, sandar tsakiya a ƙasa, na rufe ramin leƙawa da tef. Na gwada 1/8, 1/5, 1/2 da sakan 1 ina canza taga tsakanin f/8 da f/16 da ɗan taɓa ISO. Na 1/2 ne ya kwanta min. Ana ganin inda ruwan ya rabu gida uku a kan wani ƙaramin dutse sannan ya sake haɗewa, abin da sam babu shi a hotunan Asabar. Shunayyar ta tafi, duwatsun sun fito.

Daga nan na gangara ƙasa inda ruwan ya kwanta, na sami majuyar da Yaya ta kwatanta. Ganye na zagayowa a sakan 14 zuwa 15. Lokacin gari ya ƙara haske, na auna 1/60, na ɗaura filtar na ba shi 15. Zobban sun fito, har yanzu ina komawa ina kallonsu. Sai dai hoton ya ɗan ja zuwa ja-ja, na gyara a RAW.

Saura abu biyu. Duwatsun da ke gefen ruwa har yanzu suna da farin ƙyalli, na gane aikin CPL ne, zan nema. Na ga kuma ana sayar da ND mai juyawa, wadda ake ƙara duhunta ko a rage. Ba ta fi sauƙi ba a kan ɗaukar filta uku?

Dattijon_Hoto ya amsa:

Madalla ɗana, na ji daɗin wannan labari. Ja-jan da ka gani ba baƙon abu ba ne a baƙaƙen filta, wasu sukan bar hasken infrared ya wuce fiye da sauran launuka. Ɗauki hoto ɗaya babu filta a wuri guda, ya zame maka ma'aunin launi wajen gyara.

Mai juyawar gilashin kashe ƙyalli biyu ne aka haɗa suna saɓa wa juna. Ga masu bidiyo tana da amfani sosai. A hoton fili kuwa, in ka kai ta kusa da ƙarshen duhunta a 18mm, wani baƙin gicciye kan bayyana a tsakiyar hoton, kuma ɗora CPL a kanta rikici ne. Ni da CPL da ND64 nake fita, ga kuma ta mataki 10 da kake da ita. Sayi masu faɗin da ya dace da babban lensin da kake burin samu, ka haɗa da zoben da ke rage faɗi, kada ka sake saye in ka canza lensi. In ka jera biyu a 18mm ka duba kusurwoyi, bakin filta kan leƙo ya yi duhu. Ƙara zuwa 20 ko 22mm yana kawar da shi.

Tunda ka fara zuwa da asuba kai kaɗai, ka riƙa faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi, ka taka shi da hannu ɗaya a sake, kyamara a jaka. Ka sa alama a wani dutse a bakin ruwa da ka iso, ka riƙa waiwayarsa. In ruwa ya fara hawansa, ko ya canza launi ya yi ja, ko ka ga itace da shara suna gangarowa, an yi ruwa a can sama ko an buɗe madatsa, ko da samanka garau take. Ka tattara ka hau tudu nan take.

Ka ɗora mana na 1/2 ɗin da na majuyar mu gani, ka haɗa da na 1/8 ɗin ma, ina son in kwatanta su.